Kiɗan black metal mai muryar coci: yaya ake haɗa shi, kuma ina iyakarsa a nan Katsina?

Auta Mai Jita: Salamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu sitidiyo. Akwai wata ƙungiyar ƙasar Folan, Batushka, jita na ta ƙugi, ganga na gudu kamar ana korar ta, amma a tsakiya sai ka ji maza suna rera waƙar coci a natse, kuma kowace kalma tana fita. In aka gwada irin wannan a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio sai komai ya cakuɗe, ba jitar ba muryar. Ina sirrin yake?

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam Auta. Kafin sirri, ka san abin da kake kwaikwayo. Sunan salon, black metal, wani reshen kiɗan rock mai tsananin kaushi, ya fito ne daga faifan ƙungiyar Venom ta Ingila na 1982, amma sautin da ake nufi yau samarin Nowe ne suka kafa shi a farkon shekarun 1990. Wancan kaushin da kake ji da gangan ne. Sun ƙi sautin manyan sitidiyo mai sheƙi, wasu ma a ƙaramin rikoda mai layi huɗu na kaset suka yi faifansu. Su kuma waɗanda ka ambata, faifansu na farko ya fito a 2015, kuma ba rikodin tsakar gida ba ne, aiki ne mai tsabta wanda aka yi wa ado da kaushi. Matsalarka ɗaya ce: jita da muryar maza suna zaune a wuri guda. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kan 82 Hz (ma'aunin kauri ko tsinin sauti, ƙaramar lamba sauti mai kauri), gangar jikin sautinta na tsakanin 150 da 500, muryar namiji mai rerawa ma can take. Dole ɗaya ya matsa wa ɗaya.

Malam Sada: Ku dakata tukuna. Auta, ka san tarihin samarin Nowen nan kuwa? Ba kiɗa kaɗai ba ne. A ranar 6 ga Yuni 1992 aka ƙone cocin katako na Fantoft a birnin Bergen na Nowe, ginin da ya haura shekara 800, wasu coci-coci suka biyo baya. A watan Agusta 1993 ɗaya daga cikinsu, Varg Vikernes, ya kashe mai jitar ƙungiyar Mayhem a Oslo, aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 21. Asalin abin gaba da addini ne. Kada yaro ya ji ana cewa "mai jigon addini" ya ɗauka wa'azi ne.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Gaskiya ne Malam, amma ba jaka ɗaya ba ce. Akwai masu zagin addini kai tsaye, su ne mafi yawa a farko. Akwai Kiristoci masu imani da suka ɗauki salon suka juya kalmomin: Horde ta Ostireliya, mutum ɗaya ne, Jayson Sherlock, ya fitar da faifansa a 1994 ba tare da sa sunansa ba, ga kuma Antestor a cikin Nowen kanta, waɗanda 'yan salon suka riƙa yi wa barazana. Sai kuma irin su Batushka da suke ɗaukar rigar limaman Otodoks da harshen ibadarsu, tsohon Silabanci na coci, su bar ka cikin duhu ko yabo suke ko izgili. An soke musu wasanni a Rasha a 2016 saboda masu addinin sun ce cin fuska ne. Ta fuskar injiniya dai duk aikinsu iri ɗaya ne.

Admin: A ci gaba da bayanin fasaha. Amma kada kowa ya turo waƙa ko hoton da ke ɗauke da zagin wani addini. Wanda ya yi, fita.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: To Auta, fara daga hannunka, don rabin sautin nan a hannun dama yake. Ana kaɗa tsirkiya sama da ƙasa ba tsayawa, huɗu a kowane bugu. A gudun bugu 200 a minti, kaɗawa 800 ke nan, sama da 13 a daƙiƙa. Fik, ɗan robar da ake kaɗa tsirkiya da shi, mai laushi ba zai yi ba, yana lanƙwashewa ya makara. Nemi mai kaurin milimita 1 zuwa 1.4 mai tsini, ka bar kamar milimita 2 kawai ya leƙo daga yatsunka, ka ɗan karkata shi don ya zame a kan tsirkiyar. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa. Mai kaɗawa da gwiwar hannu damtsensa kan yi saurin sandarewa. Sa metironom, na'urar ƙidayar bugu, a 100, sai ka yi minti biyu cur ba tuntuɓe sannan ka ƙara 5.

Tsirkiya ta yau da kullum, mai lambar kauri 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46, kuma ba sai ka sassauta ta ƙasa ba yadda 'yan death metal ke yi. Yawancin na Nowe a saitin da aka saba suke. Abin da ke kawo sanyin nan shi ne kama kod ɗin maino, wato haɗin sautuka mai sautin baƙin ciki, gaba ɗaya, a riƙa zame shi ƙarfe ɗaya ko uku a wuyan jita ba tare da sauya kamun yatsu ba, ana kaɗa tsirkiya huɗu ko biyar tare.

Rikodin: sa jitar a ramin sawun kad, na'urar da ke shigar da sauti kwamfuta, mai alamar Hi-Z ko INST. In ka sa a ramin layi na kibod, saman sautin zai mutu tun kafin ya shiga kwamfuta. Ƙololuwar shigarwa kada ta wuce -10 dB, ma'aunin ƙarfin sauti ke nan. Bafa, saitin da ke ƙayyade jinkirin sauti, a sa ta 128, wato jinkirin kusan milisakan 3 kowane ɓangare. Masu barin ta a 1024 suna samun sama da milisakan 20, alhali tsakanin kaɗawa da kaɗawa milisakan 75 ne kacal, shi ya sa hannunsu ke rikicewa su ɗauka rashin iyawa ne. Bayan amfilifayar kwamfuta dole ka sa hoton sautin akwatin sifika, abin da ake rubutawa IR. Babu shi, zuzun ƙudan zuma kawai za ka samu. Gen kuma, maɓallin da ke ƙara wa jita kaushi, kada ya wuce 6 cikin 10. Ka ɗauka sau biyu daban-daban, ɗaya hagu ƙarshe ɗaya dama ƙarshe. Kwafe layi ɗaya ka raba shi biyu ba ya ba da faɗi, in ka ɗan jinkirta ɗayan kuma, da zarar an saurara a waya mai sifika ɗaya sai su cinye juna.

Ɗan Daura: Oga, ni fa ban yarda da maganar rage gen ba. Ai kaushin shi ne abin. Tsofaffin faifan nan duk a cike suke da tsiwa a sama, babu ƙasa ko kaɗan. In ka tsabtace shi ya zama wani salon daban.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Tsiwa daban, laka daban. Tsiwar daga ikwalaiza take, na'urar ɗaga ko rage sassan sauti: ka yanke duk abin da ke ƙasa da 120 Hz, ka ɗaga wajen 2000 zuwa 2500 da dB 2 ko 3, ka yanke sama da 9000. Gen mai yawa ba ya ƙara tsiwa, matse sautin yake har kaɗawa 13 ɗin nan su narke su zama ƙara guda, kod mai tsirkiya biyar kuma ba ka ƙara bambance maino da mejo. Ga shi yana ɗaga duk wani gurnanin wuta da ke cikin wayarka. A saurari tsofaffin da kyau, ana jin waƙar jitar tsaf.

Ɗan Daura: To gurnanin wutar fa? Shi ne babban ciwon kowane sitidiyo a nan. Da an kunna distoshin, kaushin jitar, sai "zzzz".

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Wutarmu 50 Hz ce, gurnanin na fitowa a 50, 100, 150 har sama. Gano tushensa a jere. Cire cajar laftof ka bar ta a batir. In ya ɗauke, caja ce ko zagayen atin, wayar da ke sauke wuta a ƙasa, tsakanin laftof da sifikoki. Sa su duka a soket ɗaya, ka yi rikodin jita a batir. In bai ɗauke ba, taɓa tsirkiya. In ya ragu da taɓawa, garkuwar cikin jitar ce ba ta da kyau: liƙa takardar jan ƙarfe ko ta alminiyam a cikin ramin fikof, maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da na maɓallai, ka haɗa ta da bayan folum. In kuwa juya jikinka ke sauya ƙarar, fikof ne ke kamo ta daga iska, daga ƙwan fitila mai arha, fanka ko sitabilaiza. Fikof mai nadi biyu, hambaka, ya fi mai nadi ɗaya nesa ba kusa ba a wannan aikin. Janareta a nisanta shi, kuma ƙaramin nan ba ya riƙe 50 daidai, yana hawa yana sauka, shi ya sa yanke 50 a ikwalaiza ba ya kama shi. Gidaje da yawa ramin soket na uku babu komai a bayansa. A kafa sandar atin ta jan ƙarfe, ƙafa 4 zuwa 6, da gawayi a ramin, a riƙa zuba ruwa da rani don busasshiyar ƙasa ba ta ɗaukar wuta. Kada kowa ya karya ƙafar atin ta filogin amfilifaya don kashe ƙara. Tsirkiya a haɗe take da jikin na'urar, in ta lalace kai ne hanyar wutar.

Binta Murya: Yaya Injiniya, bari in shiga ɓangaren murya, don nan ne yara ke yi wa kansu illa. Ihun nan mai kaushi da mawaƙan salon ke yi ba da ƙarfi ake yin sa ba. In ka tsaya kusa da wanda ya iya, bai fi maganar mutum mai ɗaga murya ƙara ba, makirufo da kwamfiresa ne ke girmama shi. Ana farawa da ɗan karkarwar nan ta murya da ke fita in mutum ya tashi daga barci, a riƙe ta, a tura iska daga ciki, maƙogwaro a sake, a ɗaga bayan harshe don sautin ya yi tsini. Minti 10 zuwa 15 a rana ya isa ga mai koyo. Ƙaiƙayi, tari ko zafi alama ce ta cewa ana matse tantanin murya, a tsaya nan take. In murya ta dishe har washegari, a huta kwana biyu. In ta wuce mako biyu a dishe, sai likitan kunne da maƙogwaro. Da hunturu abin ya fi muni saboda ƙura da bushewa. Ruwa mai ɗumi tun awa biyu kafin ɗauka, da shaƙar tururin ruwan zafi. Alewar mentol tana ɓoye zafin ne kawai, mutum ya ci gaba da ɓarna bai sani ba.

Makirufo kuma, ku bar kwandensan nan da kuke ɗaukar waƙar nanaye da shi. Dainamik irin SM58 ya fi, kamar yatsa uku daga baki, kada a dunƙule kansa da hannu.

Auta Mai Jita: Anti na gode. To masu rerawar fa? A sa otatun, manhajar nan mai daidaita murya?

Binta Murya: Ko kusa. Abin da ke sa mutum uku su yi kamar ashirin shi ne ɗan saɓanin da ke tsakaninsu. Otatun na jawo kowa kan layi ɗaya, sai taron ya koma mutum guda mai muryar roba. Cocin Otodoks ba sa amfani da kayan kiɗa a ibada, murya ce zalla, kuma tsohon salon nasu kusan duk layi ɗaya ne maza ke bi tare, shi ya sa yake da nauyi. Yadda za ka samu kama da haka: maza uku, makirufo ɗaya, su tsaya mita ɗaya da rabi daga gare shi. Ɗauka huɗu. A kowace ɗauka su sauya wurin tsayuwa, a ta uku su ja baya zuwa mita biyu da rabi, a ta huɗu mai murya mafi kauri ya sauka ƙasa da zango ɗaya. Muryoyi 12 ke nan. Raba su hagu da dama amma kada su kai ƙarshe, can wurin jita ne. Ƙarshen kalma su yanke tare, musamman mai "s", in ba haka ba sai ka ji sss-sss a warwatse.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Daga nan sai raba gida. Duk inda masu rerawa suka shigo, a rage jita dB 3 a wajen 300 Hz da kuma dB 2 a wajen 2500, can ne baƙaƙen kalma suke. Da otomeshin za a yi, wato kwamfuta ta rage da kanta in sun shigo, in sun fita ta mayar. Amsa-kuwwa mai tsawon daƙiƙa 3 zuwa 4, a jinkirta shigarta milisakan 50 don kalma ta riga ta fita, a yanke mata ƙasa da 300 da sama da 6000. Wannan yankan shi ne abin da kusan kowa ke mantawa, kuma shi ne lakar da Auta ke ji. Sannan tsarin waƙar kanta: ganga na gudu, amma masu rerawa suna jan gaɓa ɗaya tsawon bugu huɗu ko takwas. In suka ce za su bi gudun ganga, an gama.

Ganga kuwa, kik, babbar gangar ƙafa, da siniya, ƙaramar ganga mai tsini, ne ke musanya, faranti na tafiya da kik. A FL kada ka bar ƙarfin bugu a 127 duka, wato ƙarshen ma'auni. Siniya ta yi yawo tsakanin 90 da 110, don mai ganga na gaske ba ya iya dukan ƙarfi a wannan gudun, ka kuma gusar da wasu bugun milisakan 3 zuwa 5. Samfur ɗaya tak in ana maimaita shi sau 400 a minti, bindiga ce ba ganga ba. Nemi kayan ganga masu samfura da yawa ga kowane bugu.

Ɗan Daura: Ni abin da ke raina, me zai hana a yi namu? Ga wani ɗan Suwizalan mai ƙungiyar Zeal & Ardor, ya haɗa shi da salon waƙoƙin ibadar baƙaƙen Amurka, duniya ta karɓa. Mu ma ga bandiri, ga ƙasida, ga zikiri. Nauyin da ke cikin amshin majalisi ai ya fi na cocin.

Malam Sada: Ɗana, nan ne zan taka maka burki. Karatun Alƙur'ani da kiran salla ba a ɗora su kan kiɗa, wannan ba wurin gardama ba ne a wajen malamanmu, na Izala ko na ɗariƙa. Ƙasida da zikiri kuwa suna da masu su. Bandiri a majalisin Ƙadiriyya ibada ne a wurinsu, ba kayan ado ba. Ka yanko shi ka sa ihu a kai, ko da niyyarka fari ce tas, mai sauraro ba niyya yake ji ba. Kuma dokar Penal Code ta Arewa tana da sashe na 210 kan cin mutuncin addini, ban da kotunan shari'a. Kowa ya san shari'ar mawaƙin nan na Kano da aka zarga da ɓatanci a 2020, a WhatsApp waƙar ta yaɗu. Mai sitidiyon da ya ɗauka ma ba zai ce ba ruwansa ba. Haka nan waƙar coci: muna da maƙwabta Kirista a cikin garin nan da su Malumfashi da Kafur, abin da ba ka so a yi wa naka kada ka yi wa nasu.

Ɗan Daura: Baba ban ce a taɓa Alƙur'ani ba, Allah ya kiyaye. Amma in mutum ya rubuta nasa baitin, kan mutuwa, kabari, hisabi? Ai waƙoƙin wa'azi na ajami tun zamanin Shehu cike suke da wannan, kuma firgitarwar ta fi ta Turawan.

Malam Sada: Baitinka naka ne, babu aya a ciki, babu sunan Ma'aiki a bakin mai ihu, to wannan ya koma tsohuwar muhawarar halaccin kiɗa, kowa da malaminsa. Ni dai ba zan saurara ba. Kuma ka kai wa malami rubutun ya duba kafin ka shiga ɗakin ɗauka, ba bayan ya fita ba.

Binta Murya: Ta fuskar sauti ma shawarar Malam ta fi. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere. Ihu yana share karin gaba ɗaya, kalma ta zama wata, ko ta zama ba komai. A baitin addini wannan haɗari ne na gaske. Duk abin da ke da ma'ana a ba masu rerawa, ihun ya tsaya a gajerun kalmomi na amshi.

Auta Mai Jita: To kayan kiɗanmu fa, za su shiga?

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Wasu. Kakaki da tambari na fada ne, a Katsina ko Daura ba a busa su don nishaɗin wani, bar su. Algaita tana zaune daidai inda tsiwar jita take, sai dai ta shigo inda jita ta yi shiru. Kalangu yana ɓacewa ƙarƙashin kik mai gudu, amma a sashe mai tafiyar hawainiya yana da kyau ƙwarai. Wanda ya fi dacewa shi ne goge, don jan bakansa dogo ne, yana shawagi a kan gudun kamar yadda masu rerawa ke yi. Sai dai karin goge mai sauti biyar ne, babu rabin taki, jitar black metal kuwa da rabin taki take rayuwa. In ka rubuta jitar tukuna ka kira mai goge, za su yi ta karo. Ɗauki gogen farko, ka gano sautin da ya ɗaure tsirkiyarsa a kai, ka saita jitar ta bi shi ko da bai faɗa kan 440 Hz, ma'aunin saitin da aka saba, ba, sannan ka gina kod daga sautukan nan biyar. Makirufo kamu biyu daga fatar, a ɗan kauce wa inda baka ke gogawa, in ba haka ba ƙaiƙayin gashin doki zai fi waƙar yawa.

Ɗan Daura: Kaset ɗin fa? Akwai tsofaffin Tascam masu layi huɗu da ake samu a gwanjo.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: In ka samu Tascam 424, tana iya gudu ninki biyu, santimita 9.5 a daƙiƙa, kuma fuska ɗaya take cin kaset, don haka C60 minti 15 zai ba ka. Kaset mai kurom take so, wato mai alamar Type II, samunsa sabo yanzu aiki ne. Abin da ke mutuwa a cikinta roba ce: bel da ɗan tayan da ke matse zare. Zafinmu na narkar da bel ya zama kwalta, tayan kuma ya ƙandare, sai ka ji dogon sauti yana rawa. Share kan da ke karanta zaren da auduga da sipirit kafin kowane aiki, ka rufe ta da ƙyalle saboda ƙura. Hanya mafi sauƙi: gama haɗawa a kwamfuta, ka tura jita kaɗai ko dukan waƙar cikin kaset allura na ɗan taɓa ja, ka dawo da ita. Kada ka tura ganga ita kaɗai ka ce za ka jera ta da sauran, gudun kaset ba ya tsayawa daidai, kafin minti biyu sun rabu.

Auta Mai Jita: Oga tambaya ta ƙarshe. Tun shigowar hunturu tsirkiya ta yi nisa da wuya, gefen ƙarafan kuma na yankar hannu.

Injiniya Ƙofar Ƙaura: Katakon ne ya bushe ya tsuke. Jita na son danshin iska kashi 45 zuwa 55, hunturunmu na sauka ƙasa da 20. Danne tsirkiya mai kauri a ƙarfe na farko da na ƙarshe, ka duba tazara a na bakwai ko takwas, ya kamata ta zama kamar kaurin katin gaisuwa, rubu'in milimita. In ta fi haka, sassauta tsirkiyoyi, ka ɗaure sandar cikin wuya da alanki zuwa dama, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ka bar ta kwana ɗaya kafin ka ƙara. In ta yi tauri kada ka tilasta, karyewarta ta fi kuɗin jitar. Kafin ka kai wa ƙarafan zarto, sa jiƙaƙƙen soso da aka matse a cikin gidan sabulu mai huji, ka rufe shi tare da jitar a jakarta mako guda, sau da yawa katakon na komawa. Da damina ta sauka kuma ka sake aunawa, don wuyan zai koma baya, sai ka sassauta abin da ka ɗaure.